Kalma ɗaya da na rubuta a kan Nicodemus

Jibi zan miƙa mabuɗin ofishin ɗalibai in kama hanyar gida. Cikin duk abin da na yi a shekara biyun nan, kalma ɗaya ce har yau take ci mini tuwo a ƙwarya. A rahotona na farko na kira garin Nicodemus na ƙasar Amurka da sunan da Amurkawa ke kiran garin da ya mutu, abin da mu muke ce wa kufai.

Ban taɓa taka garin ba a lokacin. Ina zaune gaban kwamfuta na ga ƙidayar 2020 ta ce mutum 14 ne a wurin, na duba taswira na gan shi can arewa maso yammacin jihar Kansas, a gundumar Graham, kusa da kogin Solomon, sai na yanke hukunci. Tarihin kuwa na haddace shi tsaf. A 1877 baƙaƙen fata 'yantattun bayi, yawancinsu daga Kentucky, suka kafa shi a filin ciyawa da babu itacen gini, har sai da suka haƙa ramuka a ƙasa suka zauna ciki. Kafin shekara goma sun yi shaguna, coci-coci, makaranta, otal da jaridu biyu. A 1888 layin dogo ya kauce musu ya bi ta kudancin kogin, 'yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma sabon garin Bogue. Fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka ƙara korar mutane. Duk wannan daidai ne, kuma shi ya sa na saki jiki.

Ranar da na gabatar da aikin, wata dattijuwa a bayan zaure ta ɗaga hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira ni ɗana, ta ce kakanninta a maƙabartar garin suke kwance, danginta har yanzu suna da gona a can, kuma ita ma can za a kai ta. Sannan ta tambaye ni ko na san ranar da ake ƙidayar. Na sani mana: 1 ga Afrilu, kuma mazauna kawai ake lissafawa. Ta ce in zo ƙarshen watan Yuli in sake ƙirgawa.

Kunya ta rufe ni, don ni bai kamata in yi wannan kuskure ba. Ƙauyenmu ma fayau yake da rani, amma ranar Sallah babu masaka tsinke, kuma duk wanda ya kira shi kufai sai mun ɓata da shi.

Abin da ban manta ba shi ne malamin da ke duba aikina. Sau biyu ya karanta rahoton, ya sa hannu, kalmar tana nan a shafin farko. Amma a zauren ya miƙe ya ce dama ya sha jan kunnena a kan dogaro da alƙaluma. Na yi shiru. Shawarata ga sababbin zuwa: ku riƙa ajiye duk takardar da aka sa muku hannu.

A Yuli na je. Bikin dawowa gida da suke yi tun 1878 ya cika garin da ɗaruruwan jikoki daga jihohi daban-daban, ana fareti, ana gasa nama, yara na gudu tsakanin gine-gine biyar ɗin da majalisar dokokin Amurka ta mayar wurin tarihi na ƙasa a 1996. A zauren taron garin, wanda aka gina da dutse a 1939, na zauna da littafina ina rubuta wanda ya haifi wane har hannuna ya gaji.

Sauran abubuwan da na koya ba su da yawa. A tambayi iyakar da aka shata wa ƙidaya kafin a yarda da adadi. A ba mutanen gari rubutu su gani kafin a fitar.

Na sake rahoton daga tushe, da taswirar wuraren da zuriyar garin ta bazu. An buga shi bana, sunan malamin a gaba, nawa a baya. Kofin farko da na samu dattijuwar nan na aika wa.