Abin da takubba suka koya mini a wurin ɗaukar fim

Aikina a ƙungiyarmu ta fim a Marwa ta Kamaru shi ne kula da kaya: wace riga aka sa jiya, wane rawani, wane makami. Dogon shiri muke ɗauka na almara, mai aljanu da masarautun da ba a taɓa yi ba, kuma jaruminmu ya riƙe takubba iri-iri. Ya fara da miƙaƙƙe, can sai ga shi da lanƙwasasshe irin na Larabawa, wata rana ma siriri na roba aka miƙa masa. In na yi magana sai a ce ai almara ce. Ni kuwa a ganina almara ce ta fi buƙatar tsari. Mai kallo zai yarda da aljani mai tashi sama, amma takobin da ya sauya siffa a cikin kube yana fitar da shi daga labarin nan take.

Wani dattijo da ya daɗe yana hawan sallah cikin mahayan lamiɗo ne ya ƙara buɗe mini ido. Ya zaro nasa ya ɗora mini a tafin hannu: miƙaƙƙe, kaifi biyu, da layuka a tsakiyar ruwansa, bakinsa kuma ba tsini sosai. Na ce, "Baba, da wannan ake suka?" Ya ce, "Ɗana, wannan na sara ne. Suka aikin mashi ne." Ya nuna mini yadda ake rataya shi a kafaɗa da hamila, ba a ɗaura shi a ƙugu, don haka zarowar ma daban take. Kaskara, wato takobin wajen Wadai da Darfur, ita ma miƙaƙƙiya ce, sai dai ta fi faɗi, kubenta kuma yana buɗewa a ƙarshe. Ruwan takubban nan da yawa daga Solingen ta Jamus aka riƙa kawo su a ƙarni na 19, maƙeranmu su sa ƙota, dukawa su ɗinka kube.

A nan na gane cewa makami da sutura su ke tsara faɗa. Barden da ke kan doki, sanye da lifidi ko sulke, ba zai yi tsalle yana juyi a sama ba. Amma namu jarumin yau yana wulwula takobi irin na finafinan Sin, gobe yana miƙa hannu yana suka kamar Bature.

Yanzu kowane mayaƙi yana da shafinsa a littafina: takobinsa, inda yake rataya shi, da yadda yake kai sara. Mutanen masarautar gabas a labarinmu kaskara muka ba su, na yamma takobi irin na dattijon nan. An janye na robar. Tsalle-tsallen dai har yanzu muna kai ruwa rana da mai tsara faɗa, domin ya ce matasa shi suke so.