Ba kowane farin ruwa ba ne sanyi

A nan Maraɗi, da mace ta ce tana ganin farin ruwa sai a yanke mata hukunci: sanyi ne. Wannan ta miƙo sassaƙe, waccan ta ce a sayo ƙwayoyi wurin mai tebur. Ni ma haka aka yi ta faɗa mini bayan aurena, sai da na je gidan likitan unguwarmu. Unguwarzoma ta ce, "Ƙanwata, yana ƙaiƙayi? Yana wari?" Na ce a'a. Ta ce in koma in riƙa lura da shi kullum, ina rubutawa.

Na samu ɗan littafin makaranta na fara. Bayan wankan haila kusan babu komai. Can sai ya zo fari-fari, kaɗan. Wajen tsakiyar wata, kamar rana ta 14 ga mai zagayen kwana 28, sai ya yi yawa, garau, yana yauƙi tsakanin yatsu. Ashe lokacin sakin ƙwai ke nan. Daga nan ya yi kauri har jini ya dawo. Mai ciki ma nata yakan ƙaru. Duk wannan lafiya ce, jiki ne ke wanke kansa.

Na ciwo na gane shi ne a bazara, bayan na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda haƙori. Ya zo gudaji-gudaji kamar kindirmo, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Maganin ya kashe har ƙwayoyin kirki masu tsaron wurin. Matsi da cusa sabulu ma ɓarnar da suke yi ke nan, abin da ya sa nake jin zafi in na ga ana koya wa amare. Wannan karon maganin sawa aka rubuta mini, ya wuce.

Unguwarzomar ta kuma ja mini kunne: ruwa mai launin toka da ƙarni, ko rawaya, ko kore mai kumfa, ko ciwon mara, ko jini bayan kwanciya, ba a zama da su a ɗaki. Wasunsu ta saduwa ake ɗauka, kuma in ba a yi wa maigida da abokiyar zama magani tare ba, sai ciwon ya yi ta zagaye gida, har ya toshe hanyar haihuwa. Faɗa wa miji wannan ba sauƙi, na sani. Ni da muka yi zancen da nawa, cewa ya yi in hakan ta taso shi zai kai mu da kansa.