Kwana tara a Habasha, mahaifar gahawa

Shekaranjiya na dawo Kano, har yanzu in na buɗe jakata ƙanshin gahawa ne yake fara tarbata. Shekara da shekaru ina shan garin kofi na gwangwani a teburin mai shayi, na ɗauka ɗaci shi ne halinsa, sai an lafta masa madara da sukari yake shawuwa. Ashe ban san shi ba.

Washegarin saukata Adis Ababa, abokin kasuwancina ya ja ni Tomoca, wani tsohon shago a unguwar Piyasa da yake gasa gahawa tun 1953. A tsaye ake sha, a ɗan ƙaramin kofi, kowa ya kurɓe ya kama gabansa. Su “buna” suke ce mata. Abokin nawa ya dube ni ya ce, “Ɗan'uwa, wannan shan birni ne. In da gaske kake, sai mun gangara kudu.”

Muka gangara. Wajen kilomita 400 ne zuwa Yirgacefe, garin da ya yi suna da noman gahawa, ta Hawasa da Dila. A wani shinge wani jami'i ya riƙe fasfona ya fi rabin sa'a yana jujjuya shi, ko sallamata bai amsa ba, daga ƙarshe ya wurgo mini shi ta tagar mota. Abin ya ƙona mini rai. A wurinmu ko tsare ka za a yi, sai an ce maka sannu da hanya.

Amma hawan tsaunukan Gediyo ya wanke mini zuciya. Ƙasa ja wur, sanyi kamar tsakiyar hunturu, tsayin wurin ya kusa mita 2,000. Na zaci zan ga gonaki jere da kunya kamar na dawa. Babu. Bishiyoyin gahawa a inuwar manyan itatuwa suke, a bayan gidajen mutane, cuɗe da inset, wata shuka mai kamannin ayaba wadda ba 'ya'yanta ake ci ba, jikinta da saiwarta ake sarrafawa a yi abinci. A 2023 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya saboda irin wannan noma.

Watan Disamba ne, ana tsakiyar tsinka. Manomin da ya sauke mu ya miƙo mini ɗa guda, ja, girmansa bai wuce magarya ba, ya ce in tauna. Zaƙi! Gahawa ashe ɗan itace ce, abin da muke gasawa ƙwallayenta ne guda biyu da ke ciki. Daga nan hanyar sarrafa ta ta rabu biyu. Wata ana sulluɓe ɓawonta, a jiƙa ta a kwarmin siminti kwana ɗaya zuwa uku, a wanke, a shanya. Wata kuwa da ɓawonta ake baza ta a kan gadajen raga, mata suna juya ta suna tsince mara kyau da hannu, har mako biyu ko uku. Aka haɗa mini duka biyun ba sukari. Wankakkiyar ba ta da nauyi, kamar shayi, da ƙanshin fure da ɗan tsamin ɓawon lemo. Wadda ta bushe da ɓawonta kuwa sai ta tuna mini da zoɓon da aka jiƙa da dabino. Ƙauye ɗaya, bishiya iri ɗaya. Sau uku ina tambaya ko sun zuba wani abu, suna ta girgiza kai.

Da yamma uwargidan ta shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta kunna lubban, ta wanke koren ƙwallo ta gasa a kasko bisa garwashi. Da ya yi baƙi-baƙi sai ta zagaya da kaskon gaban kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Ta daka a ɗan turmi, ta dafa a jabana, butar yumɓu mai dogon wuya, ta tsiyaya daga sama cikin finjalai. Ga gugguru a faranti. Zagaye uku ake yi: abol, tona, baraka. Nan take shayin Buzaye ya faɗo mini a rai, shi ma uku ne, shi ma tashi kafin na ƙarshe rashin ladabi ne. Da na ji sunan na ukun, baraka, sai na ji kamar a zauren gidanmu nake. Na zaro kuɗi zan ba ta, ta ture hannuna. Tafinta ya ce, “Mama ta ce baƙo ba ya sayen buna a gidanta.”

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne farashi. Kuɗin da ake biyan mutumin nan a kilo guda na jajayen 'ya'ya bai kai na kofi ɗaya a Landan ba, kuma sai an tara kilo biyar ko shida kafin a sami kilo guda na busasshen ƙwallo. A 2007 sai da Habasha ta kai ruwa rana da Starbucks, kamfanin sayar da gahawa na Amurka, kafin ya amince cewa sunayen gahawar Yirgacefe da Sidamo da Harar nata ne. To, suna ya dawo gida, amma rufin ɗakin mai masaukina har yau yoyo yake yi. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Na kuma tuna da manoman Mambila da ke da irin wannan shuka, wa yake jin sunansu a kasuwar duniya?

Harar kwana biyu kawai na yi. Birni ne mai ganuwa, da masallatai 82 a ciki, lungunansa kamar na cikin birnin Kano. Gahawarsu da ɓawo ake busar da ita, ta fi ƙarfi, kuma har ganyenta suke dafawa su sha, kuti suke kiransa. Gonaki da yawa an mayar da su na ganyen cat, wanda ake taunawa, don ya fi saurin kawo kuɗi.

A Markato, babbar kasuwar Adis Ababa, na yi cinikin jabana biyu da finjalai shida, na sha fama kafin mai kayan ya sauko rabin abin da ya fara yankawa. Ɗaya ta fashe a hanya. Ɗayar tana kan garwashi yanzu, maƙwabta na jira a zaure.