Abin da korona ta koya mana game da kafofin sada zumunta da jigilar kaya

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, 2020, abin da ya fara yankewa a harkar jigilar kaya shi ne labari. Kaya suna kan hanya, mai sito bai san inda suka maƙale ba, manhajar kamfani kuwa tana nan tana nuna ranar isowar da aka saka tun kafin kulle. Direban da ke tsaye a iyakar da aka rufe ya fi kowa sanin halin da ake ciki. Hoto ɗaya da zai tura a WhatsApp kan riga sanarwar hukuma isa, sai mai kaya ya sauya hanya ko ya nemi wani dillali tun da wuri.

Amma zauren WhatsApp da aka tara kowa da kowa ba ya tsinana komai. Wanda ya yi aiki shi ne ƙaramin zaure na masu aiki a kan hanyar jigila guda: direba, mai sito, jami'in saye da wakilin kwastan. Kowane saƙo ya ƙunshi lambar kwantena ko ta mota, wurin da ake, lokaci, yawan katan, da abin da ya tsayar da kaya. A rubuce, ba da murya ba. Saƙon murya ba ya bincikuwa, ranar da gardama ta tashi ba mai haƙurin sauraron guda ɗari. A kuma naɗa mutum ɗaya da zai riƙa kwafe bayanan zuwa kundin kamfani kullum, domin saƙo ba oda ba ne.

Wajen ɗaukar saƙo a matsayin oda ne aka fi yin asara. Asibiti ɗaya ya nemi takunkumin fuska katan 200, roƙon ya zaga zauruka biyar, dillalai biyar kowanne ya kai wa masana'anta odarsa, har da ƙari don gudun ƙarewa. Masana'anta ta ga buƙatar da ta haura katan 1,000, alhali 200 ce. Bayan watanni kaya sun cika sito, kuɗi sun kwanta. Maganinsa, kowane roƙo ya ɗauki lamba da sunan mai shi, a kira shi a tabbatar kafin a ƙirga.

Ga kuma 'yan damfara da hotunan katan-katan da ba nasu ba, suna neman kafin alƙalami. Abin ya kai Facebook ya hana tallan takunkumi a Maris 2020, WhatsApp kuma, don rage yaɗuwar labaran ƙarya, a Afrilu ya taƙaita saƙon da aka yawaita yaɗawa zuwa mutum ko zaure ɗaya a kowane turi. Sabon mai sayarwa, a nemi ya nuna kayan ta kiran bidiyo kai tsaye, a duba rajistar kamfaninsa, a fara da ƙaramar oda, sauran kuɗin sai kaya sun sauka an ƙirga.