Godiya da bangajiya bayan gyaran gidajen marayu

Alhamdulillahi, yara sun koma ɗakunansu. Abin da ruwan bana ya yi mana kowa ya gani, kuma gajiya ba za ta bari mu bi ku gida-gida ba. Ku karɓi wannan a madadin zuwanmu.

Godiya ta farko ga Inna, uwar gida na uku. Da ta ji ƙasa na zubowa daga azara cikin dare, ba ta tsaya ɗaukar ko tabarma ba. Ta fito da yaranta cikin ruwa, tana dafa kan kowa tana kiran sunansa, ta ga babu ƙaramin. Ta koma ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, suna fitowa bangon gabas ya kwanta. Inna, Allah ya gina miki gida a Aljanna.

Tsarin wurin ne ya sa ta san wanda ya ɓace. Ba a tara yara a babban ɗaki ɗaya ba: kowane gida da uwarsa, kuma ba a raba wa da ƙane. Irin tsarin da Hermann Gmeiner ya fara ke nan a Imst, ƙasar Ostiriya, a 1949, saboda marayun yaƙin duniya na biyu. Amma ginin namu na laka ne, nan matsalar take.

Baba sarkin magina, kai ka nuna mana ciwon. Bangon ta gindi ya ci. Indararo gajere ne, ruwa na sauka dab da tushe yana fallatsa, ga tsakar gida ta fi ƙasan ɗaki tudu. Sai kuma yaɓen siminti da aka yi a kan laka: siminti ba ya kama laka, yana tsagewa, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar bushewa, daga waje kuma bango lafiya lau. Yanzu an haƙa harsashi santimita 60, an ɗaga dutse da siminti santimita 40 sama da ƙasa kafin tubali ya hau. An ƙara tsawon indararo, an jera duwatsu inda ruwan ke faɗi, an karkata tsakar gida zuwa magudana. Yaɓe ya koma laka da makuba, wanda sai an sabunta kafin damina. Duk azarar da gara ta taɓa an cire ta. Ka ƙi karɓar ko dala, Baba. Allah ya ƙara girma.

Mutanen Maradi ba baƙin wannan darasi ba ne, tun da ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa gari ya hau tudu.

Muna godiya ga masu amalanke da suka yi ta jigilar yashi kyauta, ga liman da ya buɗe zaurensa yara suka kwana, da matan unguwa da fura da tuwo ba su yanke ba. Dangin wasu yaran kuwa, baffanni da kawunai, ko jaje ba mu ji ba. Wataƙila labari bai kai ba. Ƙofa dai a buɗe take.

Allah ya jiƙan iyayen yaran nan, ya raya su, ya yi musu albarka. Duk wanda ya ɗauki tubali ko guda, Allah ya sauke masa nauyi ranar gobe, ya tsare zuriyarsa. Amin.

Saura katangar yamma da bayan gida biyu. Za a kama su bayan girbi, idan laka ta samu ranar bushewa.