Shirun da na ɗauko daga Nyamata

Ruwan sama ne ya tarbe mu a Kigali, don watan Afrilu tsakiyar damina ce a Ruwanda. Mu uku muka je, ni ne mai riƙe da kyamara, da niyyar haɗa fim ɗin tarihi a kan kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994. Kafin tafiyar na sha karatu. Na san an harbo jirgin Shugaba Habyarimana ranar 6 ga Afrilu, na san cikin kwana 100 aka hallaka mutane sama da 800,000. Ashe sanin lissafi daban, tsayawa a wurin daban.

Mun fara da wurin tunawa da kisan da ke Gisozi a Kigali, inda aka binne mutane fiye da 250,000. Akwai wani ɗaki na yara. Ƙarƙashin hoton kowane yaro an rubuta abincin da ya fi so, da wasan da yake ƙauna, sai kuma yadda aka kashe shi. Da na fito, sai da na nemi wuri na zauna, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Washegari muka kama hanyar kudu zuwa Nyamata, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Cocin garin ne dubban mutane suka gudo cikinsa neman tsira, a nan aka rutsa da su. Har yau tufafinsu na nan, sun rine sun koma launin ƙasa, rana kuma na leƙowa ta ƙananan hujojin rufin kwano. Kyamarar a waje na bar ta.

A gindin wata bishiya muka zauna da wata dattijuwa da ta tsira. Ta bakin tafinta ta ba mu labarin gidan rediyon RTLM da ke kiran 'yan Tutsi kyankyasai, da shingayen da 'yan Interahamwe, mayaƙan sa-kai na Hutu, suka kafa suna duba katin shaida don gano 'yan Tutsi. Na ce, "Mama, 'ya'yanki fa?" Ba ta amsa ba. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta da yatsu biyu, kusan minti guda. Hannuna ya kai kan maɓallin kashewa, amma na kasa dannawa. Har yanzu tambayar nan na cina a rai, ko ina da hurumin yin ta.

Da dare a masauki muka buɗe kwamfuta muna duba abin da muka ɗauko. Abokin aikina, mai tace hotuna, ya ce a yanke shirun, mai kallo zai gaji. Ni ban yarda ba. Na ga yadda hoton gawarwaki ke sa mutum kau da kai, ya tsere wa abin. Fuskar mai rai kuwa ba ta barinka ka tsere.

Muna cikin gardamar, ba mu lura da yarinyar da ta kawo mana shayi ba. An haife ta bayan 1994. Ta tsaya a bayanmu da tire a hannu, duk labarin rediyo da shingaye bai motsa ta ba, ta saba jinsa. Da aka zo wurin yatsun nan biyu sai kofunan suka fara kaɗawa. Ta ajiye tiren a ƙasa, ta ce haka kakarta ke yi duk lokacin da Afrilu ya kama.

Abokina bai ƙara cewa komai ba. Ya mayar da hoton baya, muka sake kallon minti ɗin tare da ita.