Laftof ɗina da cajin wayar Auta

Talata. Tun asuba babu wuta, har yanzu da nake rubutun nan a waya ba a kawo ba.

Da safe dai lafiya lau, Umma ta yi ɗumamen tuwo, na ci na zauna kan taifin ɗin ɗaliban nan, babi na uku ma ya kusa ƙarewa. Sai ga Auta da wayarta, wai Yaya dan Allah bari in ɗan jona a laftof ɗinki ta mutu kuma ina jiran kira. Na ce jona mana. Wallahi ba a jima ba allon ya yi ɗif, baƙi ƙirin, fanka ta tsaya. Na kunna ta tashi, muka sake jonawa, ɗif. Word ya dawo min da wasu shafukan, sauran sun tafi.

Bayan azahar na hau adaidaita zuwa Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, wajen mai gyaran nan nawa. Tambayar farko da ya yi min ita ce, Hajiya shuɗin allo ta nuna da rubutu ko kuwa kawai ɗaukewa ta yi? Na ce ɗaukewa, Malam, ba ko gargaɗi. Ya ce to yawanci in shuɗin allo ne direba ne, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata, ke rikici lokacin da waya ta haɗu da kwamfuta don tura fayil, amma in ta ɗauke haka kawai to maganar wuta ce. Ya buɗe Event Viewer, inda kwamfuta ke ajiye bayanin abin da ya faru da ita, ya nuna min wani Kernel-Power 41, ya ce wannan ba ya faɗin dalili, shaida ce kawai cewa ta mutu ba a kashe ta ba. Sai ya jona cajarta a soket ɗin shago tunda suna da janareta, ya sa wayarsa a ramin USB ɗin, shiru, tana ta aiki. Ya zare cajar, ya bar wayar a jone, ko addu'a ban gama ba ta ɗauke.

Ya ce ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa, miliamfa 500, mai shuɗin ciki kuma 900, kuma wayar da ta mutu gaba ɗaya duk abin da aka ba ta sai ta zuƙe, lafiyayyen batirin laftof ba ya jin wannan amma wanda ya tsufa da zarar an ƙara masa kaya sai ƙarfinsa ya faɗi inji ya mutu. Ya rubuta powercfg /batteryreport, umarnin da ke fito da bayanin lafiyar batir, rahoto ya fito, abin da batirin ke ɗauka yanzu ko rabin yadda aka ƙera shi bai kai ba. Igiyar Auta ma ya duba, wajen kan ta ɗan tsage har jar wayar ciki na leƙowa, ya ce ita ma a jefar, in jar ta taɓa baƙar wayar da ke cikin igiyar za ta iya ƙona ramin ko ma fiye.

Da ya faɗi kuɗin sabon batir sai na yi shiru.

Abin da ya tsaya min a rai, laftof ɗin nan da ita nake biyan kuɗin makarantar Auta, da ita nake sayen maganin hawan jinin Umma, kuma in an ɗauke wuta ita ce fawa bank ɗin gidan gaba ɗaya, kowa ya kawo wayarsa ni kuma ba na iya cewa a'a. Ashe a hankali take ta gajiya. Da na dawo na tarar Auta ko abinci ba ta ci ba, wai ita ta lalata min, na zaunar da ita na ce batir ne ya tsufa ba ruwanki, amma na ga ba ta yarda ba.

Yaya Babba bai ɗaga waya ba. Kwanon masara ya ƙara kuɗi.

Gobe in Allah ya kai mu zan kira mai babi na uku ya ƙara min kwana biyu, in ya biya sai in ga ko batir zan fara saya ko fawa bank.